Fulotin Talaka Da Injin Gyaran Taswira A Abuja

Ɗan Arewa da ke fataucin goro a Sabon Ibadan, ko dako a Mil 12 ta Legas, yakan yi shekaru yana tari domin ya mallaki fuloti a Kubwa ko Gwagwalada. Wannan guminsa duka yana rataye ne a kan layi huɗu da ke cikin taswirar hukuma.

Tun da Janar Murtala Muhammad ya kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, an daɗe ana ajiye bayanan filaye a fayil da taswirar takarda, har aka riƙa ba mutum biyu fili ɗaya. A 2003, zamanin ministancin Malam Nasiru el-Rufa'i, aka kafa hukumar AGIS domin mayar da su cikin kwamfuta. Babu shakka an yi abin kirki, domin manhaja tana iya tace dubban fulotai a yini guda, ta tono iyakokin da suka hau juna da lambobin da aka maimaita.

Amma fa sauri ya haifi nawa. Tsofaffin taswirorin safiyo an auna su ne da ma'aunin Minna, na'urar GPS kuwa da WGS84 take aiki, kuma tsakaninsu akwai tazarar gomman mitoci. Idan aka zuba su wuri guda ba a daidaita ba, sai fulotin wani ya koma cikin na maƙwabcinsa, ko ya faɗa kan hanya. Kuskuren akawu fili ɗaya yake ɓatawa. Na inji unguwa guda yake kwashewa.

Saboda haka, ko QGIS ta kyauta za a ɗauka ko ArcGIS ta kuɗi, wajibi ne a cika sharuɗɗa uku. A ajiye ainihin tsohon bayani ba a taɓa shi ba. A rubuta kowane gyara da sunan jami'in da ya yi shi. Inda kuma sunaye biyu suka haɗu a fili ɗaya, kada a bar inji ya yanke hukunci. A kira masu filin, a tura ɗan safiyo ya duba.

Shi kuma mazaunin Kudu, kada ya miƙa wa dillali ko kwabo sai an bincika masa lambar fulotin a AGIS. Rigakafi ya fi magani.