Mu Nemi Turanci Ta Ƙofar Hausa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a ganina abin da ya fi kayar da mu a jarrabawar Turanci shi ne ƙananan kalmomin nan masu taimaka wa aikatau, wato irin su "do", "did", "has" da "have". Kowa ya sani, in ba ka ci Turanci da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO ba, da wuya ka shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko da ka ci sauran darussa.

Dalilin wahalar yana cikin harshenmu. Bahaushe yakan ce na tafi, zan tafi, nakan tafi. Kalmar "tafi" tana nan yadda take, abin da ke gabanta shi ke nuna lokaci. Shi kuwa Bature, wani lokaci aikatau ɗin yake sauyawa, wani lokaci mataimakinsa. Saboda haka wanda ya rubuta "Did you went?" ya ɗora wa jaki kaya biyu, domin "did" ta riga ta nuna abin ya wuce. Daidai shi ne "Did you go?"

Ga wata dabara kuma. Wanda ya ce "Na je Kebbe bara" ya faɗi lokaci, don haka sai ya rubuta "I went to Kebbe last year". Wanda kuwa ya ce "Na taɓa zuwa Kebbe" bai faɗi lokaci ba, nasa shi ne "I have been to Kebbe". Galibi inda Hausa ta sa "taɓa" ko "riga", nan ne mazaunin "have". Amma da zarar jiya ko bara sun shigo, "have" sai ta ba da wuri.

Wasu za su ce kawo Hausa cikin darasin Turanci lalaci ne, hadda ita ce magani. Ni ban yarda ba. Hadda ba tare da fahimta ba takan gudu ranar jarrabawa. Ai mai neman hanyar Jega daga Tambuwal, daga ƙofar gidansu yake farawa.

Don haka ina roƙon malamanmu su riƙa gwada mana jimlolin harsunan biyu gefe da gefe a kan allo. Iyaye kuma, ko ba ku jin Turanci, ku sa yaro ya fassara muku abin da ya rubuta. In ya ce jiya alhali gobe yake nufi, kunnenku zai kama shi.

Allah ya ba mu sa'a, amin.