Idan Sanda Ɗaya Ta Ɓata A Jakar Golf

Yawancin 'yan uwanmu da suka fara wasan golf a nan Birtaniya ba sababbin sanduna suke saye ba. Na hannu ne, daga shagon gwanjo ko intanet, ko kyautar wani dattijo da ya daina wasa. Ni ma haka na samu nawa a Sikotland, inda nake karatun digiri na uku. Irin wannan jaka kuwa da wuya a same ta cikakkiya: ko lamba 7 ta ɓata, ko lamba 9 ta karye. To, wacce za a saya a cike gurbin, ba tare da kuɗin cefanen mako ya tafi a banza ba?

Da farko, kada lambar da aka buga a gindin sanda ta ruɗe ku. Kowane kamfani da nasa awon. Babban abin da ke sa ƙwallo ta yi sama ko ta yi nisa shi ne kwanciyar fuskar sandar, kuma da digiri ake auna ta. Lamba 7 ta da tana kaiwa digiri 34 ko kusa da haka, amma da yawa daga cikin na yanzu digiri 30 ne, wasu ma 28. Ke nan idan ka jefa sabuwar lamba 7 cikin tsohuwar jaka, aikin lamba 6 za ta riƙa yi maka. Ka kashe kuɗi, ka samu sanduna biyu masu nisa ɗaya, gurbin kuma yana nan. Mafita ita ce a san digirin lamba 6 da na lamba 8, a nemi wadda ta faɗa tsakiya. A al'ada tazarar kusan digiri 4 ce, wato yadi 10 zuwa 15 a fili.

Sai ƙota. Akwai ta ƙarfe, akwai ta girafait wadda ta fi sauƙin nauyi. A jikinta za ku ga harafin da ke nuna taurinta: L, A, R, S ko X, daga mai taushi zuwa mai tauri. Idan sauran sandunanka R ne na ƙarfe, sayo irinsu, domin hannu ya riga ya saba da nauyinsu. Tsawo ma haka, rabin inci ne tsakanin sanda da mai bi mata. 'Yan uwana mata, mu kula a nan: sandunan mata sun fi na maza gajarta da kusan inci 1, kuma sandar da ta fi ƙarfinki wuyan hannu za ta gajiyar miki kafin ki kai rami na 18.

Akwai kuma yadda kan sandar ke zama a ƙasa. Kamfanin Ping yana sa ɗigo mai launi a kan sandunansa don nuna wannan, baƙi shi ne na tsaka-tsaki. Idan naka baƙin ɗigo ne, kada ka ɗauko shuɗi don ya yi araha. Mariƙin roba kuwa ba abin damuwa ba ne, ana canja shi da kuɗi kaɗan.

Shawarata ita ce a fara neman irin samfurin da aka rasa, na hannu, a lura ko na dama ne ko na bahago, a kuma yi hattara da jabu a intanet. In ba a samu ba, a ɗauki maƙwabtanta biyu a kai shagon filin wasa, a auna su, a buga ƙwallo da sabuwar kafin a biya. Gani ya kori ji.

Kafin duk wannan ma, tambayi kanka ko kana bukatarta. Dokar wasa ta hana ɗaukar fiye da sanduna 14, amma ba ta ce sai an cika su ba. Idan lamba 4 ce ta ɓata, kai kuma sabon shiga ne, da ma ba kasafai za ka taɓa ta ba. Riƙe kuɗinka, ka biya wa kanka darasi ɗaya wajen mai koyarwa.