Ba Wagadugu Ce Ta Kashe Fausto Coppi Ba

A Italiya, idan aka ambaci Fausto Coppi, har yau dattawa kan yi shiru na ɗan lokaci. Ɗan manoma ne, an haife shi a ƙauyen Castellania a 1919. Da keken kai wa mutane nama daga shagon wani mahauci ya fara, ya zo ya ci gasar Giro d'Italia sau 5, Tour de France sau 2, a 1949 da 1952, sannan ya zama zakaran duniya a 1953. Yaƙin Duniya na Biyu ya ci masa shekaru, har sojojin Ingila suka riƙe shi fursuna a Arewacin Afirka, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

A watan Disamba na 1959 aka gayyace shi tsere a Wagadugu, lokacin ana kiran Burkina Faso da Haute-Volta. Bayan tseren suka fita farauta, sauro ya yi musu rubdugu shi da abokinsa Raphaël Géminiani, ɗan Faransa. Kowa ya koma gida da zazzaɓi. A Faransa aka auna jinin Géminiani, aka gane zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi kwinin, ya tashi. A Italiya kuwa likitoci suka ce mura ce da ciwon ƙirji. An bugo musu waya daga Faransa an faɗa musu abin da aka gano, suka yi kunnen uwar shegu. Ranar 2 ga Janairu 1960 Coppi ya rasu a asibitin Tortona, yana ɗan shekara 40.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ba da labarin kamar ƙasarmu ce ta cinye shi. Shekaru da yawa bayan haka har aka fito da zancen wai guba aka ba shi a can, binciken hukuma bai tabbatar da komai ba. Rai dai na Allah ne, amma sababin a fili yake: girman kai rawanin tsiya. Kowace tsohuwa a zangonmu da ta ga wannan makyarkyata da gumin da ke tafiya ya dawo, da ta faɗi sunan ciwon kafin a kira likita.

Sai dai kada mu yi saurin ɗaga kai. Mu da muka san ciwon, sau nawa muke barin yaro kwana uku da zafin jiki muna cewa shawara ce, gidan sauron da aka raba mana kuwa yana can lambu an kewaye tumatir da shi?