Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Katin farko da PSA, kamfanin tantance katunan 'yan wasa, ya taɓa dubawa ya ba shi maki, kati ne da aka datse wa gefe. Wanda ya yi datsar ma ya amsa da bakinsa a gaban alƙali.

A 1991, shekarar da aka kafa kamfanin a jihar Kalifoniya ta Amurka, Wayne Gretzky, gwarzon wasan hoki na kan ƙanƙara, shi da abokin hulɗarsa Bruce McNall suka sayi wani ɗan kati mai hoton Honus Wagner a kan dala 451,000. Wagner ɗan wasan besbol ne na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, katin kuwa irin wanda ake sakawa cikin kwalin sigari ne tsakanin 1909 da 1911, kuma kaɗan ne ƙwarai suka rage a duniya. PSA ya duba, ya ba shi maki 8 cikin 10, ya rufe shi a gidan roba mai lamba ta ɗaya. A 2007 Ken Kendrick, mai ƙungiyar Arizona Diamondbacks, ya saye shi dala miliyan 2.8. Sai a 2013 Bill Mastro, wanda ya yi suna a gwanjon kayan tarihin wasanni, ya amsa cewa shi ne ya datse gefen katin don ya fito tas, daga baya kuma aka ɗaure shi wata 20 saboda zamba a harkar gwanjo. A ƙa'idar PSA, katin da aka datse ba ya samun maki ko ɗaya. Wannan ya samu 8.

To, wannan shi ne alƙalin da ake cewa talakan mai tara kati ya tattara abin da ya mallaka, ya zuba a akwati, ya haɗa da kuɗi ya aika masa. Ni kam na ce a'a, kuma da ƙarfi.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Kamfanoni irin su Topps da Panini da Upper Deck suna buga katunan 'yan wasa. Mutum ya sayi ƙunshi, ya buɗe, ya ci karo da wanda yake ganin zai yi daraja. Sai ya aika wa mai tantancewa: PSA, ko Beckett, ko SGC, ko CGC. A can wani ma'aikaci da ba za ka taɓa sanin sunansa ba zai duba abu huɗu, wato ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, da kaifin kusurwoyi, da lafiyar gefe, da tsabtar fuskar katin. Ya rubuta lamba, a liƙe katin cikin roba, a maido maka. In ka biya kuɗin ƙaramin mataki a PSA, lambar kawai za ka gani. Me ya sa 9 ba 10 ba? Je ka tambayi bango.

Kuma duk cinikin a kan wannan tazara ta 9 da 10 ya tsaya. A sababbin katuna, 10 ce kaɗai ke kawo riba. Mai 9 sau da yawa bai fi wanda ba a tantance ba sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mai 8 kuwa har gara a ce ba a kai shi ba, domin an buga masa tambarin aibi ke nan.

Mu yi lissafi da misali, kowa ya musanya da alƙaluman katinsa. A ɗauka kana da kati goma, kowanne zai sayu dala 15 yadda yake. Kuɗin tantancewa da na aikawa da dawowa da inshora, mu ce dala 30 kowanne, dala 300 ke nan ka zube kafin ka ga komai. A ɗauka uku sun samu 10, kowanne ya sayu 80. Biyar sun samu 9, kowanne 25. Biyu sun samu 8, kowanne 12. Jimla 389. eBay, kasuwar intanet da za ka sayar a ciki, ya zare nasa, wajen kashi 13 cikin ɗari, saura 338. Cire 300 ɗin da ka kashe, abin da ya rage a hannunka dala 38 ne. Da ka sayar da su tun farko ba tare da wannan zirga-zirgar ba, da 130 ka ƙirga. Ko da sa'a ta rungume ka, biyar suka samu 10, biyar suka samu 9, abin da za ka tsira da shi 157 ne. Ribar dala 27, bayan makonni ko watanni kana leƙen waya ka ga ko sakamako ya fito. A duka lissafin biyu akwai wanda kuɗinsa bai motsa ba ko da sisi: mai buga lambar. Dillalin kara ma sai ciniki ya faɗa yake karɓar la'ada. Wannan tun kafin a yi tayi ya karɓe tasa, ka ci riba ko ka faɗi, ba ruwansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsarin kuɗin. A PSA, abin da za ka biya yana tafiya ne da darajar katin. Kai za ka faɗi ƙimarsa, ka zaɓi matakin da ya dace. Idan suka duba suka ba shi maki mai tsoka, har darajarsa ta haura iyakar matakin da ka zaɓa, sai su aiko maka da ƙarin kuɗi, kuma ba za ka ga katinka ba sai ka biya. Aikin bai ƙaru ba. Idon da ya duba shi ne dai, robar ita ce dai. Hujjarsu ita ce suna ɗaukar lamunin abin da suka tantance, in aka gano kuskure daga baya su ne da biya, don haka kati mai tsada haɗarinsa ya fi. Na ji. Amma ko ta ina aka juya maganar, wanda ke yanke hukunci aljihunsa na ƙaruwa gwargwadon hukuncin da ya yanke. A wace kotu ake yarda da haka?

Ba a nan abin ya tsaya ba. A farkon 2021 wasu masu zuba jari ƙarƙashin Nat Turner, ciki har da attajirin nan Steve Cohen, suka sayi Collectors Universe, uwar kamfanin PSA, a kan kimanin dala miliyan 850. A wannan shekarar kuma suka sayi Goldin, babban gidan gwanjon katuna. Wato mai ba da maki da mai sayar da abin da aka ba makin suka koma 'yan gida ɗaya, har zuwa 2024 da aka sayar wa eBay da Goldin ɗin. A 2024 ɗin dai suka saye SGC, kamfanin da mutane ke gudu wurinsa idan PSA ya ishe su. Ban ce an kama su da maguɗi ba. Na ce mai hankali ba ya sakin jiki da kasuwar da mutum ɗaya ke riƙe da ma'auni, yana kuma sayen ma'aunin maƙwabta.

Idon nasu ma fa? Tsakanin masu harkar, sananniyar dabara ce a fasa robar katin da ya samu 9, a sake aika shi kamar sabo, a yi ta yi har wata rana a dace da 10. Ana yi ne saboda yana ci wani lokaci. Kati ɗaya, kamfani ɗaya, lamba biyu. Kowace komawa kuma da kuɗinta. A 2019 masu tara kati da kansu, ba kamfanonin ba, suka riƙa gwada tsofaffin hotunan gwanjo da sababbi, suka bankaɗo katuna masu yawa da aka datse ko aka gyara, suka wuce ta hannun masu tantancewa da maki mafi girma. Maganar ta kai har hukumar FBI ta shiga bincike. Mutanen da ba a biyansu ko kwabo suka ga abin da ƙwararrun da ake biya suka kasa gani.

Kada a ce na rufe ido ga inda abin ke da amfani. Katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle na Topps na 1952, wanda SGC ya ba 9.5, ya sayu dala miliyan 12.6 a gidan gwanjon Heritage a watan Agustan 2022, alhali mai shi dala 50,000 ya saye shi a 1991. Katin Pele na 1958 ya sayu dala miliyan 1.33 a 2022, karon farko da katin ƙwallon ƙafa ya haura miliyan. Babu mai miƙa irin waɗannan kuɗi a kan hoto a intanet ba tare da shaidar wani na uku ba. Katin ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan na kamfanin Fleer na 1986 jabunsa sun cika kasuwa, don haka tabbatar da na gaske aiki ne da ya cancanci lada. Tsohon kati, mai wuyar samu, mai tsada, wanda ake yi wa jabu, wannan a kai shi. Amma nawa ne irin waɗannan cikin katuna kimanin miliyan 15 da PSA kaɗai ya tantance a 2024, waɗanda kaso mai yawa ma na Pokemon ne? Da labarin Mantle ake janyo mutane, abin da suke aikawa kuwa katin da aka buga bara ne.

Mantle ya yi tsada ne saboda yaran 1952 wasa suka yi da katunansu, suka ɗaure su da roba, suka cusa a aljihu, iyaye mata kuma suka share suka zubar. Wanda ya tsira lafiya ya zama abin nema. Yau kuwa daga ƙunshi sai leda, daga leda sai akwatin aikawa, ko yatsa ba ya taɓa fuskar katin. Kowa yana da mai kyau. Katin ɗan wasan ƙwallon kwando Zion Williamson na Panini Prizm na 2019, fiye da kwafi 20,000 ne suka samu 10 a PSA. Wane irin abu mai wuyar samu ne ake da dubu ashirin nasa? Adadin kuma ƙaruwa kawai yake yi. Duk wanda ya aika nasa ya dace da 10, ya rage darajar na wanda ya riga shi, ya kuma biya kuɗi don ya yi hakan. Amurkawa sun taɓa shan wannan ɗacin a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da kamfanoni suka buga katuna ba iyaka, mutane suka cika ɗakuna da kwalaye suna jiran arziki, ƙarshe abin ya zama tarkace. Yanzu ana maimaita tarkacen, sai dai an sa masa rigar roba.

Lokaci ma yana cin nasa rabon. A 2020, da cutar korona ta kulle mutane a gida, ga kuɗin tallafin gwamnati a hannu, ga shirin The Last Dance ya farfaɗo da son Jordan, sai kasuwar ta haukace. A farkon 2021 katin Jordan ɗin nan mai maki 10 ya sayu dala 738,000. Katuna suka yi ta kwarara zuwa PSA har suka fi ƙarfinsa, a ƙarshen Maris na 2021 ya dakatar da karɓar aiki a yawancin matakansa, ya bar masu tsada kawai. Waɗanda nasu ke ciki, wasu sun yi wajen shekara suna jira. Kafin akwatinsu ya dawo, ɗan wasan da suka sa wa rai ya ji rauni ko tauraronsa ya dushe, kasuwa ta sauka. Shi kansa katin Jordan, cikin shekara biyu farashinsa ya faɗo ƙasa da rabin wancan. In sarkin katuna ya sha wannan faɗuwa, ina ga na yaron da ya buga kaka ɗaya?

Dalilin da ya sa na damu har nake wannan faɗa shi ne harkar ta shigo ƙwallon ƙafa da ƙarfinta, kuma ƙwallon ƙafa ba ta da iyakar ƙasa. Panini na garin Modena a Italiya yana buga hotunan liƙawa na gasar cin kofin duniya tun 1970, yara suna musaya, suna cika littafi, abin sha'awa. Yanzu bidiyon da ke yawo a YouTube da TikTok na wani ne yana buɗe akwati yana ihu ya samu 10 a katin Haaland ko Mbappe. Ba wanda ke ɗora bidiyon ranar da ya samu 8. Wanda kuma ke zaune nesa da Amurka, inda zai biya kuɗin aikawa da dala, ya yi fargabar ɓacewar kaya a hanya, ya biya kwastan a dawowa, lissafin da na yi a sama ma ya yi masa sassauci.

Kafin ka aika kati, nemi farashin da aka sayar da irinsa mai maki 9, wanda aka biya da gaske, ba wanda mai kaya ya rubuta yana fata ba. Cire kuɗin tantancewa, da na hanya, da rabon eBay. In abin da ya rage bai fi farashin katin yadda yake ba, caca kake shirin yi, kuma an riga an san wanda zai ci. In son ɗan wasan ne ya sa kake ajiyar katin, ledar kariya da ɗan gidan roba na 'yan kwabbai sun tsare shi daga ƙura da lanƙwasa. In kuwa lallai sai ka ga lamba a saman katinka hankalinka zai kwanta, shiga kasuwa ka sayi mai 9 da wani ya riga ya biya wa kuɗin tantancewa. Suna nan jibge, masu su na neman kai da su, sau da yawa a ƙasa da abin da suka kashe.