Tallan "sitem sel" ga masu shanyewar ɓarin jiki: kada a sayar da gona tukuna

Jama'a, tallan nan na "sitem sel" ya fara yawa a WhatsApp da TikTok, kuma waɗanda ake farauta su ne iyalan masu shanyewar ɓarin jiki. Wasu garin magani suke sayarwa a 'yar leda, wasu kuma dillalan asibitocin ƙasar waje ne. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don duk gidan da maigida ya wayi gari hannu da ƙafa ba sa motsi, baki ya karkace, ko nawa aka ce su kawo za su nemo.

Shi dai binciken akwai shi. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin wajen mutuwa suke yi, kuma ƙwaƙwalwa ba ta tohowa kamar fata. Shi ya sa masana suke gwada dasa ƙwayoyin halitta na asali, irin waɗanda ake samu a ɓargo. A 2016 likitocin Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Gary Steinberg, suka ba da rahoton mutum 18 da aka huda wa ƙoƙon kai aka zuba musu irin waɗannan ƙwayoyin. Wasunsu sun samu sauƙi na ban mamaki, har da masu barin keken guragu. Labarin ya zaga duniya.

To amma ci gaban labarin fa? An sake gwajin da mutum 163, wannan karon har da rukunin da ba a zuba wa ƙwayoyin ba, don a kwatanta. Sakamako ya fito a 2019, bai kai inda ake so ba. Wani gwajin a Japan na mutum 206, da aka ba su ƙwayoyin ta jijiya, shi ma haka ya ƙare a 2022. Wannan ɓangaren ba za ka taɓa jin sa a bakin mai talla ba.

Matsalar ita ce wajen da ya mutu yakan koma kamar kogo, ga kumburi, ga ƙarancin jini. Ƙwayoyin da aka dasa ba sa daɗewa a ciki, cikin 'yan makonni yawancinsu sun mutu. Waɗanda aka ba ta jijiya kuwa, akasarinsu a huhu suke maƙalewa. Ɗan amfanin da ake gani ma, masana sun fi danganta shi da sinadaran da ƙwayoyin suke fitarwa kafin su mutu. Yanzu ana gwada haɗa su da wani abu mai kauri kamar kunu da zai riƙe su a wajen, ana kuma neman lokacin da ya fi dacewa a dasa. Aiki ne mai kyau, ina yi masa fatan nasara, amma yana ɗakin gwaji.

Ƙwayar da aka kai har cikin ƙwaƙwalwa ta kasa rayuwa, ina ga garin tuffa da za a kaɗa a kofi, ciki ya narkar da shi? Su ma na wajen akwai haɗari. Wani Ba'amurke ya bi asibitoci a Sin da Ajantina da Meziko ana yi masa allurar, ƙarshe ƙari ya fito masa a laka, likitocinsa suka wallafa labarin a 2016.

Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya nuna kusan tara cikin goma na wannan ciwo a wajenmu suna da nasaba da hawan jini. Awon nan minti nawa yake ci? Kuma idan abin ya faru, allurar narkar da gudan jini a cikin awa huɗu da rabi take aiki, sai kuma an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce. Mu kuwa sai a kwana biyu ana shafe-shafe a gida.

Wanda yake jinya yanzu, don Allah kuɗin nan a kai su wajen likitan gashi da maganin hawan jini. Wanda kuma aka yi wa tayin dashe a waje, ya tambayi dillalin sunan hukumar da ta amince da shi a matsayin maganin shanyewar ɓarin jiki, ya ce a ba shi a rubuce.