Waya Ba Ta Cewa "Tsaya, Sake"

A 'yan shekarun nan, duk matashin da ya sami fiyano ko jita, malaminsa na farko waya ce. Ya buɗe YouTube, ya ga inda ake ɗora yatsu, ya kwaikwaya, kafin wata uku ya fara haɗa kiɗa a situdiyo. Da yawansu har alfahari suke yi cewa babu wanda ya koya musu. Ina jin daɗin himmarsu ƙwarai, kuma ba zan taɓa raina wanda ya tashi da kansa ya nemi abin yi ba. Amma ina da ja a kan wannan alfaharin, kuma jan nawa ya fi ƙarfi idan aka zo kan kayan kiɗanmu na gargajiya.

Masu koyon kai suna da hujja, kuma hujjar mai nauyi ce. Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar da yanzu yake cika dandali a Turai da Amurka, iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba. Da hannunsa ya harhaɗa jitarsa ta farko, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. A nan gida ma Mamman Shata ɗan haye ne, bai gaji waƙa ba, ga shi kuwa tun rasuwarsa a 1999 ba a yi kamarsa ba. Wanda ya koya da kansa yakan fito da salon da babu mai shi sai shi, domin babu wanda ya tsare shi ya ce ba haka ake yi ba. Sai dai a lura, shi kansa Mdou Moctar sai da ya ga wani makaɗi, Abdallah Oumbadougou, yana kaɗa jita a gabansa sannan abin ya shiga ransa. Akwai wanda ya kalla, akwai kiɗan mutanensa da ya cika masa kunne tun yana yaro.

Abin da waya ba ta iyawa shi ne ji. Tana nuna maka, amma ba ta sauraronka. Idan ka riƙe gula a karkace, ko kana gaggawa kana wuce kiɗan, bidiyo zai ci gaba da tafiyarsa, kai kuma ka maimaita kuskuren nan sau dubu har ya zauna a hannunka. Kuskuren da ya shekara a hannu kuwa ya fi wuyar cirewa a kan koyon sabon abu. Malami yana gefenka, kafin ka kai ƙarshen bugu ya ce, "Tsaya, ɗana, sake." Wannan kalmar ita ce yawancin abin da ake biya a makarantar kiɗa, ita ce kuma ɗan gado yake samu kyauta a zauren ubansa.

Dubi yadda ake rainon makaɗi a ƙasar Hausa. Yaro ba ya fara da babbar ganga. Ɗaukar kaya yake farawa da shi, ya bi ayari gidan biki da fada, ya shiga cikin 'yan amshi, sannan a miƙa masa kanzagi ko kuntukuru ya riƙa riƙe kiɗa a baya. Musa Ɗanƙwairo haka ya tashi a Bakura, cikin ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya daɗe yana amshi kafin ya zama mai kansa. A tsawon shekarun nan ba bugu kaɗai yaro yake koya ba. Yana koyon ɗaure fata, da sanin lokacin da rana ko raɓa ta sauya muryar ganga, da yadda mai goge yake shafa ƙaro a izga, da wanda ake fara gaisarwa idan an shiga fada.

Sai kuma babban al'amari, wato kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiyoyin a hammatarsa yana sassautawa, muryar gangar tana hawa tana sauka yadda karin harshen Hausa yake hawa yana sauka. Shi ya sa mahauci zai ji takensa daga nesa ya miƙe tsaye, manomi ya ji nasa a gayya ya ƙara ƙaimi. Kowane take yana da mai shi, yana da tarihinsa, yana da wurin da ake kaɗa shi da wurin da kaɗa shi rashin ladabi ne. Wannan ilimi a ƙirjin dattawa yake. Jita da fiyano suna da littattafai da darussa a intanet fiye da abin da mutum zai iya ƙarewa a rayuwarsa. Kotso da taushi da jauje da kukuma fa? Wanda ya ce zai koye su shi kaɗai a ɗaki, sautinsu kawai zai kama, maganarsu ta wuce shi.

Labarin Malam Maman Barka ya isa a tsaya a yi tunani. Malamin makaranta ne a Nijar, kuma ya riga ya yi suna da gurmi, yana waƙa har da Hausa. Duk da haka a 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi yankin Tafkin Chadi wurin wani dattijo, Bukar Tar, wanda shi ne ya rage cikin gwanayen biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Gwani guda ya koma ɗalibi, ya zauna gaban tsoho ya karɓi kiɗan da waƙoƙinsa. Daga baya ya fita da biram ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Da ya yi jinkiri kaɗan har dattijon ya riga shi tafiya, da sai dai a rataye biram a gidan tarihi ana nuna wa baƙi.

Abin da ke damuna shi ne muna tafiya kan wannan hanyar da namu kayan. Fiyano ɗaya a situdiyo yana kwaikwayon kalangu da algaita, mai biki ya ga ya fi masa araha, 'ya'yan makaɗa kuma su ga sana'ar ba ta ciyarwa, su kama acaɓa. Ban ga laifinsu ba.

Don haka matashin da ya fara da waya, ya ci gaba, Allah ya ba da sa'a. Amma ya nemi tsohon makaɗin unguwarsu, ya je da goronsa, ya zauna a gyara masa hannu. Hukumomin raya al'adu na jihohinmu da jami'o'in da ke nazarin waƙar baka su ma su daina tsayawa a ɗaukar hira da makaɗa don rubuta kundin digiri. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya tun 1989. Babu abin da zai hana Kano ko Sakkwato ko Katsina ɗaukar Sarkin Makaɗa aikin koyarwa, a ba shi aji da ɗalibai da albashi a ƙarshen wata, ko da bai taɓa riƙe takardar shaida ba.