Agogon Kwamfuta da Asarar 'Yan Kasuwa

Daga Tungan Magajiya har Kontagora, da zarar kwamfutar ofis ta ƙi haɗuwa da babbar da ke riƙe da lissafi, sai mai kamfani ya ɗora wa masu layin waya laifi. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba. A tsarin Windows, idan agogon kwamfutocin biyu ya saɓa da fiye da minti 5, babbar takan ƙi karɓar ƙaramar. Mutuwar ɗan batirin agogon, haɗe da yawan ɗauke wuta, ke jawo haka. A ganina rashin lissafi ne a tsayar da ciniki yini guda ana jiran mai gyara daga Minna, alhali batirin bai kai kuɗin motarsa ba.